Kada Ka Zare Gorar Nan, Abba

Dei-Dei, Abuja.

Zuwa ga Yaya Abba, a wurin ginin Alhaji Ɗanlami, Karshi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda ka bar mu, ina roƙonka ka yi mini afuwa a kan wannan karambani. Na san ba hurumina ba ne in rubuto wa yayana takarda, balle takarda mai faɗa a cikinta. Ko a gida ka san ba na iya tsayawa in yi doguwar magana da kai. Amma Baba ne ya sa ni. Hannunsa na dama ba ya riƙe alƙalami, Inna kuwa ba ta yi boko ba, sai abin ya faɗo kaina.

Jiya Malam Iro direba ya kawo saƙonka, cewa ranar Asabar za ku zare gora da katakon da Baba ya ba ku haya aka tokare dakin ɗin benen da su, wato rufin kankaren da aka zuba, a loda masa a mota ya dawo da su. Wai Alhaji ya gaji da biyan haya, kuma ma'aikatan da aka taso daga Ikko sun matsa masa suna son shiga ɗakunan ƙasa. Baba ya tambaye shi yaushe aka zuba kankaren. Ya ce ko sati bai cika ba. Baba ya sake tambaya ko sufeton gine-gine ya zo ya duba. Malam Iro ya yi dariya ya ce kai da bakinka ka ce dokar nan ta cikin birni ce, kafin ta gano hanyar Karshi an tare a gidan. Daga nan Baba ya ture tuwon rana. Yau da na dawo makaranta ya ce in ɗauko takarda in zauna. Daga nan zuwa ƙasa maganarsa ce, yadda ta fito daga bakinsa. Inda na sa baki zan faɗa maka.

Abba, ina gaishe ka. Allah Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, Ya raba ka da sharrin gaggawa. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Wata guda kacal da barinka gida, an kira ka foman, har ka fara auna nisan doka da mil? To zauna ka ji. Labarin hannuna ka san shi, duk unguwar nan an san shi, amma ba ka taɓa jin sa daki-daki daga gare ni ba, don ban ga ranar da za ka buƙace shi ba sai yau.

Ni magini ne ɗan magini. A Zariya na buɗi ido na ga ubana yana murza tubali, yana jera azara, yana ɗaure soron da har yau ana zama a ƙarƙashinsa. Abin da ya koya mini shi ne ƙasa rana take so. Ka ɗora ta, ka bar ta ta sha rana, in ta yi fari ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, in ta amsa maka da ƙara ta bushe, ka ci gaba. Da wannan ilimin na sauko garin nan lokacin da ake ta sare daji ana cewa gwamnati za ta taso daga Ikko. Ko'ina ka duba tifa ce da ƙura da mutanen da ba su san juna ba. Duk wanda ya iya riƙe cokalin gini sai a kira shi oga. Ni kuwa da na zo da sunan gidanmu, kaina ya fi jikina nauyi.

Wani ɗan kwangila ya ba ni shugabancin ginin shaguna masu bene ɗaya. Ranar da za a fara, wani injiniya yaro, bai fi ka shekaru ba, ya zo ya tsaya yana yi mini bayani da Turanci yana nuna takarda. Ban fahimci ko rabi ba. Akwai wanda zai fassara mini a wurin, amma leburori suna kallo, kuma ina ganin ɗan gidan magina ba ya tambayar yaro yadda ake gini. Na ce masa “Yes sa.” Ya shiga motarsa ya tafi, ban sake ganinsa ba. Wannan “Yes sa” ɗin ita ce farkon abin da ya ci hannuna. Kai ka yi makarantar koyon sana'a, kana jin Turancin. Amma girman kai ba ruwansa da yare. In akwai abin da ya shige maka duhu a zanen ginin nan, ka tambaya a gaban kowa, a yi maka dariya. Dariya ba ta karya ƙashi.

Muka zuba dakin. Washegari sai ga Ladi, Bagwariyar nan da kuke kira Mama Ladi, mai kawo mana doya. A lokacin ita ke ɗebo mana ruwan kwaɓi daga rafi, a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ba ta taɓa ɗora komai a ka ba, ta ce kai ba jaki ba ne. Ta ajiye tulunta ta ce mini, “Oga magini, yau ba za a ba shi ruwa ba? Wancan kamfani da na yi aiki, kullum yana ba shi ruwa safe da yamma, kamar ɗan yaye.”

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, “Ladi, in aikin ɗiban ruwa kike nema ki faɗa. Wa ya taɓa jiƙa abin da yake so ya bushe?”

Ta ce, “Ni dai ban sani ba, haka na gani yana yi.”

Leburori suka taya ni dariya, har suka sa mata suna Injiniya. Ita ma ba ta san dalili ba, gani kawai ta yi. Ni da ya kamata in bi sawun maganar, sai na auna siminti da ma'aunin ƙasa. Sai daga baya, ina kwance a asibiti, aka fahimtar da ni cewa siminti ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. In rana ta ƙone shi da wuri sai fuskarsa ta yi fari ta yi tauri, cikinsa kuwa gari. Abba, kana ba dakin ɗinka ruwa? Iro ya ce bai ga ko durom ɗaya a saman ba. In rijiyar wurin ta ƙafe, ka sa a ɗebo daga rafi. In Alhaji ya ƙi, ka ɗauki bokiti da kanka. Foman ba ya narkewa don ya ɗauki bokiti.

A cikin makon ne wani ma'aikacin hukumar duba gine-gine ya biyo ta wurin a kan babur. Ya leƙa, ya tambayi takarda, ɗan kwangila ba ya nan. Ya ɗauko jan fenti ya yi alama a bango, ya ce a dakata har a zo a duba. Da oga ɗan kwangila ya dawo da yamma ya ga alamar, sai ya kece da dariya ya ce, “Magini, wannan ai ado suka yi mana. Akwai farar ƙasa a sito, shafe shi, gobe ma ba za su tuna hanyar nan ba.” Da hannun nan na dama na shafe. Har na ja da baya na duba ko ya shafu da kyau. Ka ji ko? Maganar da ka gaya wa Iro ke nan, ba ka canza ko wasali ba. Shi ya sa da na ji ta na ture tuwo.

Bayan 'yan kwanaki oga ya zo da sassafe da mota, wai ya sami wani aikin, katakon yake so yanzu-yanzu. Na hau sama na ƙwanƙwasa da bayan yatsa kamar yadda ubana ya koya mini. Ya amsa da ƙara. Na ce a zare. Mun zare gefe ɗaya lafiya, mun shiga tsakiya, sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Ladi tana ciki tana tsintar guntayen katako na girki. Na miƙa hannu in jawo ta, iyakar abin da na sani ke nan. Ni na bar yatsu uku da ƙarfin hannu a wurin. Ita kafaɗarta ta dama ta ragargaje. Mace mai ɗaukar kaya a kafaɗa, Abba. Ka lura in ta kawo doya jikarta ce ke ɗauka, ita tana biye hannu a saɓule? Aikina ne. Shekara da shekaru tana gaishe ni da fara'a, ba ta taɓa ce mini “na gaya maka” ba, kuma wallahi da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Oga fa? Ya aiko yaronsa asibiti da lemo, da saƙon cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara! Na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mutum ya hana siminti ruwa, ya shafe gargaɗi, ya zare tokara don haɗama, sannan ya ɗauki sunan Ubangiji ya rufe ɓarnarsa da shi kamar yadda na rufe jan fenti da farar ƙasa, wannan rashin kunya ne. Kafin a sallame ni ya riga ya kama wani ginin a wata unguwa da wani maginin. Babu wanda ya tambaye shi komai, don a lokacin babu takardar da ta ce wane ne zai amsa.

Yaya, a nan Inna ta leƙo daga madafa, ni Rakiya nake faɗa maka. Ta ce, “Malam, ka sassauta. Yaron nan aikinsa na farko ke nan. In ya yi wa Alhaji gardama korarsa za a yi, a kawo wani ya zare gorar, an yi ba a yi ba.”

Baba ya ce, “A kore shi ɗin. Tukunyarki ta ƙi dafa tuwon mutum huɗu ne?”

Ta ce, “Ka san yadda aka sha wahala kafin ya samu.”

Ya ɗaga mata hannun ya ce, “Wannan ma da wahala na same shi.” Inna ta koma ciki, na ji tana jan hanci. Baba ya ce in ci gaba.

Yanzu maganar doka. Ƙanwarka ta karanta mini takardar da aka liƙa a bakin kasuwa, ta fassara mini layi-layi, na sa ta maimaita. Ga abin da na riƙe. Ba a fara gini sai da zanen da aka buga wa hatimi. Ba a rufe harsashi sai an duba, ba a zuba kankare a kan rodi sai an duba, ba a zare tokarar dakin sai lokacin da injiniya ya ƙayyade ya cika an zo an gani. A kafa allo a bakin aiki da sunan mai gini da sunan mai kula da aikin. In gini ya faɗi, ba mai shi kaɗai za a nema ba, har da wanda ya tsaya a kansa. Kuma takardar ba ta ce ban da Karshi ba. Na sa ta duba bayanta ma.

Kada ka ɗauka soyayya nake yi da dokar nan. Ina da haushinta cike da ciki. Ina take lokacin da ake cika garin nan da gini kamar ana tsere? Sai da aka haƙo mutane daga ƙarƙashin bulo, sai da manya suka taso da iyalansu suka ga su ma za su kwana a ƙarƙashin irin wannan dakin, sannan aka tuna da alƙalami. An rubuta ta da Turanci an liƙa a kasuwar da yawancin masu gini ba sa karanta shi, babu wanda ya tara mu ya ce ga dalilin ruwa, ga dalilin jira. Da an yi haka tun farko da yau ina cin tuwo da dama. Kuma na ga yadda take tafiya. Ɗakin Ladi na ƙasa, wanda kakanninta suka zauna a filinsa tun babu wanda ya san sunan Abuja, an rushe shi wai ba shi da takarda, alhali bai taɓa faɗo wa kowa ba. Benayen masu kuɗi kuwa sai ka ga jan fenti yau, gobe ka ga labule a taga. Duk na san wannan. Ba yaro kake yi wa bayani ba.

Amma ka buɗe kunne. Rashin adalcin masu riƙe da doka ba ya ƙara wa kankarenka ƙarfi. A wannan gaɓar ta tokara, dokar gaskiya ta faɗa, ko da shaiɗan ne ya rubuta ta. Kuma tunda ka san a kan ƙarami take sauka, me ya kai ka miƙa wuya? Sunan wa ke kan allon nan ƙarƙashin na Alhaji? Naka ne, Iro ya gani. Ranar da abu ya faru, Allah Ya kiyaye, Alhaji yana da lauya, yana da mota, yana da ɗan'uwa a wani gari da zai je ya huta. Kai me kake da shi? Uba mai hannu ɗaya da rumfar gora.

Su kuma waɗanda za su shiga ɗakunan ƙasan, ka taɓa tsayawa ka dube su? Ƙananan ma'aikata ne, masinjoji da masu buga tafireta, aka ce musu ofis ya tashi, ku bi shi ko ku bar aiki. Wasu suna kwana a barandar ofis, iyalansu suna can Ikko suna jira. Ba su san siminti ba. Za su ga fari tas, su shimfiɗa wa 'ya'yansu tabarma a ƙarƙashi, su gode wa Allah sun sami ɗaki. Amanarsu a hannunka take, ba su ma san sunanka ba. Gara su ƙara makonni a baranda suna zagin foman.

Ga abin da za ka yi. Ka sami Alhaji shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ka gaishe shi da ladabi, don ni ban aike ka rashin kunya ba. Ka ce masa mahaifinka ya yafe hayar gora da katako daga yau har ranar da sufeto ya zo ya ce a zare. Ko sisi ba na so. Akwai wanda na yi wa alkawarin gorar nan a Gwagwa, na aika masa ya nemi ta wani. To hujjar haya ta faɗi. In ya ce masu shiga sun matsa, ka ce ka ji, amma ba za ka sa hannu ba, kuma kai da kanka za ka je ka kira mai dubawa. In ya ce ai kowa haka yake yi, ka gayyato shi Dei-Dei ya sha ruwa, in nuna masa yadda kowa yake ƙarewa. In ya kore ka, ka cire sunanka daga allon kafin ka ɗauki jakarka, ka faɗa wa leburori dalili da babbar murya, ka hawo mota. Ɗakinka yana nan, ƙanwarka ba ta cika shi da littattafai ba tukuna.

In kuwa ka zaɓi Alhaji, to ka ji wannan tun yanzu don kada ka ce na yi maka ba-zata. Ranar da gorar nan ta sauka a rumfata kafin lokacinta, ba zan taɓa ta ba. Zan sa rigata in shiga mota in je ofishin masu duba gine-gine, in ce akwai bene a Karshi da aka zare wa tokara ɗanye, in ba su sunan mai shi da sunan foman. Za su tambaye ni yadda aka yi na sani, in ce ɗana ne. Na taɓa shafe jan fenti sau ɗaya. Gara in kai maka abinci a ofishin 'yan sanda da in tsaya ana haƙo 'ya'yan mutane da shebur ana kiran sunan gidanmu.

Ban faɗi wannan don na daina son ka ba, kai ma ka sani. Kana da ido a aiki, layinka ya fi nawa miƙewa tun kana ɗauko mini bulo, ban dai taɓa gaya maka ba don kada kanka ya kumbura irin nawa. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare samanka, Ya sa duk wanda ya kwana a ƙarƙashin abin da ka gina ya tashi lafiya. Ka riƙe salla. Ka gaishe da masu aikinka, kuma in wata mai ɗiban ruwa ta yi maka magana ka tsaya ka ji.

Iyakar maganar Baba ke nan, Yaya. Da ya gama ya ce in karanta masa daga farko. Da na zo wurin zuwa ofis sai na tsaya na ce, “Baba, ko in goge wannan?” Inna tana bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sai ita ce ta ce, “Bar shi, Rakiya.” Baba ya gyaɗa kai.

Ni ba ni da ta cewa a harkar gini, abin da na sani bai wuce na littafin kimiyya ba. Amma ni ma raina ya ɓaci da na ji abin da ka gaya wa Malam Iro, ka yafe mini da na faɗa. Kai ne kake ɗaure wa Baba maɓallin riga ranar Juma'a tun ina ƙarama. Da ka tafi ni nake ɗaurawa.

Inna ta ba Malam Iro ƙullin yaji da kuka ya kawo maka tare da wannan. Baba ya ce kada ka wahalar da kanka da rubuto amsa. Ranar Asabar zai zauna a bakin rumfa yana kallon hanya. In motar Malam Iro ta shigo wayam, babu ko gora ɗaya a bayanta, ya ji amsarka. Ni ma zan roƙi Inna ta bar ni in kai masa abincin rana in zauna tare da shi, ina addu'ar Allah Ya kawo mana motar babu komai.

In ba ka yi fushi da ni ba, ina neman izininka in sake rubuto maka bayan Asabar ɗin, wannan karon da bakina ni kaɗai, in gaya maka yadda fuskar Baba ta yi. Allah Ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Rakiya.